Aikin taswira da bayanai a gandun daji: abin da sabon shiga zai tarar

Wata ɗaliba da ta gama karatun labarin ƙasa ta aiko da tambaya. Ta ce ta ga tallar aiki na matakin farko a wani gandun daji, ana neman mai taimakawa da taswira da bayanai a sashen da ke sa ido kan albarkatun dajin. Tana son ta san me mutum ke yi kullum a irin wannan kujera, da abin da ya kamata ta iya kafin ta miƙa takardunta.

Ƙanwata, bari in fara da abin da tallar ba za ta gaya miki ba. Sunan aikin taswira, amma zanen taswira ne mafi ƙanƙanta a cikinsa. Yawancin ranakunki za su tafi ne a gaban tebur mai layuka dubbai, kina bin su ɗaya bayan ɗaya kina tambayar kanki: wannan lambar gaskiya ce, ko hannun wani ne ya zame? In kin shiga da tunanin kullum za ki riƙa fitar da taswira mai launuka ana liƙawa a bango, watan farko zai yi miki tsawo. In kuwa kina cikin mutanen da ransu ke yin sanyi idan suka gano inda lissafi ya karkace, to kin samu wurin zama.

Dalilin hakan yana cikin ma'anar sa ido ɗin kanta. Masu kula da gandun daji suna son sanin ko dajin yana canzawa, da kuma inda ya dosa: ruwan rafin nan yana ƙara gurɓata, ciyawa tana cinye kurmi ko kurmi ne ke cinye ciyawa, baƙin tsirrai masu mamaya sun ƙara faɗi, tsuntsun da ake ji kowace shekara har yanzu yana zuwa? Awo ɗaya ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai an auna abu ɗaya, a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, shekara bayan shekara. Hukumar gandun dajin ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1916, ta raba gandayenta masu muhimman albarkatu zuwa rukuni 32 don wannan aikin kaɗai, kowane rukuni ya zaɓi wasu 'yan abubuwa da yake bibiya, kamar yadda likita ke duba bugun zuciya da zafin jiki ba tare da ya fede majinyaci ba. Wasu ƙasashen tsarinsu bai kai haka girma ba, amma tunanin ɗaya ne. Ke nan lambar da kika shigar yau, wanda zai fi bukatarta wataƙila bai ma fara aiki ba tukuna. Shekara ashirin nan gaba zai ɗauko ta ya jera da tasa, kuma ba ya da hanyar kiranki ya tambaye ki me kike nufi.

Ga yadda bayanan ke iso ki. Masu binciken tsirrai da dabbobi, da masu gadin daji da ke sintiri, suna fita da na'urar GPS ko waya mai fom a ciki. Wasu wuraren ana amfani da manhajar cike fom irin ODK ko KoboToolbox, wasu Survey123 na kamfanin Esri, wasu QField. Bayanan sintiri kuwa, a gandaye da yawa manhajar SMART ake zuba su, wasu kuma EarthRanger. Har yau takarda da fensir ba su mutu ba, domin batir yana ƙarewa, fuskar waya kuma ba ta jin hannu mai gumi ko ruwan sama. Duk wannan zai taru a teburinki. Ki shigar, ki tace, ki haɗa kowane bayani da wurinsa a doron ƙasa, ki adana a rumbun bayanai, sannan in an nema ki fitar da taswira ko jadawali don rahoto. A manhajar GIS, wadda ake haɗa bayanai da taswira a cikinta, komai yana zuwa da ɗaya daga cikin siffofi uku: ɗigo, kamar inda aka tsinci tarko ko bishiyar da ke da sheƙa, layi, kamar rafi ko hanyar da aka bi ana ƙidaya, da fili mai iyaka, kamar inda gobara ta cinye. Hoton tauraron ɗan'adam shi kuma jinsinsa daban, ƙwayoyi ne 'yan murabba'ai a jere, kowace da lambarta. Wannan duk kin gani a aji, ba zan tsaya a kai ba.

Inda zan tsaya shi ne lambobin wuri, wato latitud (nisa arewa ko kudu) da longitud (nisa gabas ko yamma), domin nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe, tsofaffin ma ba su tsira ba.

Ki riƙe wannan a ka: digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne. Daga nan komai ke fita. Lamba huɗu bayan ɗigo tana kai ki kusan mita 11 daga wurin, lamba biyar kusan mita 1. Wanda ya rubuto miki lamba biyu kacal bayan ɗigo ya ba ki fili mai faɗin sama da kilomita guda, ya ce sheƙar tana ciki, je ki nema. Wanda kuma ya rubuto lamba tara, kada kwalliyar ta ruɗe ki, domin wayar hannu a sarari ƙarƙashin buɗaɗɗiyar sama kuskurenta yakan kai mita 5, a cikin kurmi mai duhu ko kwazazzabo kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Ragowar lambobin ado ne.

Sai kuskuren da na fi cin karo da shi a tsofaffin takardu. Na'urar mutum tana nuna digiri da mintoci, ta ce 8 da minti 30. Shi kuma ya rubuta 8.30. To minti 60 ne a digiri, saboda haka minti 30 rabin digiri ne, wato 8.50. Tsakanin 8.30 da 8.50 akwai kimanin kilomita 22. Ɗigon da ya kamata ya faɗi bakin tafki sai ya je ya sauka wajen iyakar gandun gaba ɗaya. Wannan ma da sauƙi, domin ido zai kama shi. Mai haɗarin shi ne wanda mintocinsa kaɗan ne, ya ɗan matsa kilomita biyu ko uku, ya zauna cikin daji lafiya lau kamar nan ne gidansu. Alamar da nake bi: in na ga jerin lambobi ɗari kuma babu ko ɗaya da abin da ke bayan ɗigonsa ya haura 59, na san mintoci aka rubuta. Akwai kuma masu sauya wa latitud da longitud wuri, da masu mance alamar ragi ga wuraren da ke kudu da ikwaita ko yamma da layin Girinic. In gurbin ya zo babu komai, wasu manhajojin sukan cike shi da sifili da sifili, sai ki ga giwayenki sun taru a tsakiyar teku a mashigin Gini, inda layukan biyu suka haɗu.

Akwai wani mai wuyar gani, wato tushen awon da aka ɗora lambobin a kai, wanda ake kira datum. GPS na yau yana aiki da WGS84. Tsofaffin taswirorin takarda na ƙasashe da yawa kuwa an zana su ne a kan wani tushen na gida, kuma lamba ɗaya a kan tushe biyu tana iya nuna wurare biyu da ke da tazarar mita ɗari ko fiye. Haka nan, kafin watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka tana rage ingancin siginar GPS ga farar hula da gangan, kuskuren yana iya kaiwa mita 100. Duk ɗigon da aka ɗauka da ƙaramar na'ura a shekarun 1990, ki dube shi da wannan idon.

Na taɓa shafe kusan mako ina fama da wuraren awon tsirrai guda goma sha wani abu a wani gandu da na yi aiki. An kafa su shekaru da dama kafin zuwana, an kafe ƙarfe a kowace kusurwa. Ma'aikatan fili suka je da lambobin da na ba su, suka dawo suka ce babu ƙarfe ko ɗaya, wataƙila an tumɓuke. Da na ɗora ɗigogin a kan hoton sama sai na lura dukkansu sun karkata gefe guda, da tazara kusan iri ɗaya. Ɓarawo ba ya sata da tsari haka. Na koma akwatin tsofaffin takardu, a gefen wani fom, da fensir da ya kusa gogewa, wani bawan Allah ya rubuta sunan datum ɗin da na'urarsa ke kai. Wanda ya shigar da lambobin kwamfuta daga baya bai kwafi wannan rubutun gefen ba, ni kuma da na gaje su ban tambaya ba. Laifin mu biyu ne. Da aka juya lambobin, suka koma washegari suka tarar da ƙarafan suna nan cikin ciyawa, sun yi tsatsa.

Abu na biyu da nake so ya zauna miki, bambancin sifili da gurbin da aka bari fayau. Sifili yana nufin mun je, mun duba, ba mu gani ba. Gurbi fayau yana nufin ba mu je ba, ko mun je ba mu duba ba. A aikin sa ido waɗannan biyun nisansu kamar sama da ƙasa ne. Ki ɗauka ana ƙidayar kwaɗi a tafkuna ashirin kowace shekara. Wata shekara ambaliya ta yanke hanya, aka iya zuwa goma sha biyu kawai. In mai shigar da bayanai ya ga gurabe takwas babu komai, ya ce bari in gyara teburin ya yi kyau, ya cike su da sifili, to ya kashe kwaɗin tafki takwas da hannunsa, a kan takarda. Rahoton shekara zai nuna raguwar da ba ta faru ba, kuma ana iya ɗora shawara mai tsada a kanta. Shi ya sa ake rubuta ƙoƙarin da aka yi tare da abin da aka gani: awa nawa, mutum nawa, kilomita nawa. Taswirar tarkunan mafarauta ma haka take. Inda ɗigogi suka yi yawa, sau tari wurin da masu gadi suka fi sintiri ne, kusa da hanya ko sansani. Ɓangaren da ya fito fari tas mai yiwuwa babu wanda ya taka shi wata shida. Duk ranar da aka ce ki zana taswirar tarkuna, ki ɗora hanyoyin sintirin a ƙarƙashinta, ko ba a nema ba.

Excel abokin aiki ne, amma yana da shisshigi. Ki rubuta lambar fili 3-12, ya mayar miki da ita kwanan wata. Ki rubuta 007, ya hadiye sifilan ya bar miki 7, daga nan ta daina haɗuwa da takwararta a ɗaya teburin. Kwanan wata kansa masifa ne: 03/04/2019 a wurin wani 3 ga Afrilu ne, a wurin wani 4 ga Maris. Ki saba da rubuta shekara, wata, rana, wato 2019-04-03, ki kuma roƙi a gyara fom ɗin fili ya tilasta hakan. Mafi yawan gyaran da za ki yi a ofis, da an yi shi a fom da ba a sha wahalar ba. Tun ran gini tun ran zane. Maimakon a bar mutum ya rubuta sunan dabba da hannu, a ba shi jeri ya zaɓa. In ba haka ba za ki tarar da tsuntsu ɗaya da rubutu iri biyar, kwamfuta kuma ta ƙirga shi jinsi biyar. Sunayen kimiyya ma suna motsi. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fara lissafa giwar Afirka a matsayin jinsi biyu a jerinta na halittun da ke cikin haɗari, ta sarari da ta kurmi. Tsohon bayanin da ya ce giwa kawai, ba hurumin ki ba ne ki zaɓa masa ɗaya. Ki bar shi yadda yake, ki kai wa masanin dabbobi.

Wannan ya kawo ni ga ƙa'idar da ba na sassauci a kanta: ba a taɓa asalin bayanin da ya zo daga fili. Ki ajiye shi gefe yadda ya zo, da kurakuransa. Ki yi gyara a kwafi, ki rubuta me kika canza, yaushe, saboda me. Kuma abin da kike zargi ba ki goge shi, alama kike sa masa. Wani lokaci lambar da ta yi kama da kuskure ita ce kaɗai sabon labari a cikin teburin.

Kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin bishiya su ɗauki hoton duk abin da ya gifta, su ma galibi a kan sabon shiga suke sauka. Kati ɗaya zai zo da hotuna dubbai, mafi yawansu ciyawa ce iska ke kaɗawa. Yanzu akwai manhajoji irin su MegaDetector da ke ware hotunan da babu dabba a ciki, sun rage wahala ƙwarai, sai dai mutum ne zai tabbatar da jinsin. Abin da za ki fara dubawa agogon kyamarar ne. Wasu in aka canza batir sukan koma kwanan watan da aka ƙera su da shi, sai ki ga damisa tana yawo da tsakar rana a shekarar da ba a ma sayi kyamarar ba. Masu dabara sukan tsaya gaban kyamara da allo mai kwanan wata da lokaci ranar ɗaurawa da ranar cirewa, da wannan hoton ake gyara sauran.

Hotunan tauraron ɗan'adam su ne ɓangaren da ya fi burge matasa, kuma da gaskiyarsu. An harba tauraron Landsat na farko a 1972, tun 2008 kuma hotunansa kyauta ne ga kowa. Ƙwayar hotonsa ta yanzu mita 30 ce kowane gefe, kowane tauraro yana dawowa wuri ɗaya bayan kwana 16. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ba da mita 10, kusan duk kwana 5. Da su ake lissafin koren ganye, a auna inda wuta ta ci, a ga inda gona ta kutso cikin iyaka. Don gobarar da ke ci yanzu akwai shafin FIRMS na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka. Amma ki tuna ƙwaya ɗaya ta Landsat murabba'in mita 900 ce. Bishiya goma za su iya faɗuwa a ciki hoton bai nuna komai ba. Kuma kwatanta hoton rani na bana da na damina na bara ba ya gaya miki komai sai cewa an yi ruwa. Duk abin da hoto ya nuna, sai wani ya je da ƙafarsa ya tabbatar a wasu wuraren. Gani ya kori ji, ko da jin daga sama ya zo.

Awon faɗin fili kuma ba a yin sa da digiri. Ki juya zuwa tsarin da ke aiki da mita, galibi UTM, wanda ya raba duniya shiyya 60, kowace digiri 6, ki tabbatar kin zaɓi shiyyar gandunku. Kada ki auna a kan tsarin taswirorin intanet, wanda ke kumbura ƙasa yayin da ake nesa da ikwaita, har tsibirin Girinlan ta yi kama da Afirka a girma alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. In an ce ki aika shapefile, wato wani nau'in fayil na bayanan taswira, ki sani ba fayil ɗaya ba ne, ayari ne. Wanda ya aika ba tare da fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .prj ba ya aika lambobi babu bayanin tsarin da suke kai. Shapefile kuma yana datse sunan kowane ginshiƙi na tebur zuwa harafi 10. In an ba ki zaɓi, nau'in fayil ɗin GeoPackage ya fi kwanciyar hankali.

Akwai kuma amana. Za ki riƙe ainihin wurin da karkanda ke kwana, ko sheƙar tsuntsun da 'yan kasuwa ke nema, ko tsiron da ya rage a kwari ɗaya, har da jadawalin sintirin masu gadi. Taswirar da za ta fita waje ana dusashe irin waɗannan wuraren, a nuna babban murabba'i maimakon ɗigo. Hoton wayarki ma yakan ɗauki lambobin wurin a cikinsa. Kafin ki ɗora hoton wata dabba a Facebook don murnar sabon aiki, ki tambayi shugabanki.

Me za ki iya kafin ki nema? Ba wanda ke tsammanin sabon shiga ya san komai. Ki ƙware a manhajar GIS ɗaya. QGIS kyauta ce, wanda ya iya ta kuma ArcGIS ba zai ba shi wuya ba. Ki iya haɗa tebur biyu ta hanyar lambar shaida, ki san ɗan SQL, yaren yi wa rumbun bayanai tambaya, in da hali ki fara yaren kwamfuta na R ko Python, ko da don ki daina maimaita aiki ɗaya da hannu sau arba'in. Ki iya rubutu mai sauƙi da wani zai bi ya sake yin abin da kika yi. A ganina wannan na ƙarshen ya fi takardun shaidar kwasa-kwasai guda biyar.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki yi ƙaramin aiki naki tun yanzu. Zaɓi gandu ɗaya a ko'ina a duniya. Sauko da iyakarsa daga shafin Protected Planet, bayanan jinsi ɗaya daga GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya, da ɗigogin gobara na shekara uku daga FIRMS. Tace su, ki rubuta shafi guda: layi nawa kika samu, nawa kika ware, saboda me, da abin da bayanan ba za su iya faɗa ba. Sai taswira ɗaya mai ma'auni, da kwanan wata, da tsarin lambobin da aka yi amfani da shi. Ranar ganawa ki ajiye wannan a gabansu. Ni dai in ina cikin masu tantancewa, shafin nan zan fara karantawa kafin in kalli taswirar.

Game da yanayin aikin, kada in ɓoye miki: irin waɗannan guraben sau da yawa na wucin gadi ne, na wasu watanni ko shekara, albashin kuma na mafari. Wasu gandayen suna da nisa da gari, intanet yana zuwa yana tafiya, saboda haka ki koyi saukar da taswira a waya kafin a fita. Ki tambaya a ganawar: kashi nawa na aikin fili ne, nawa na ofis, wa zai duba aikinki, kuma akwai rubutacciyar ƙa'idar tattara bayanai? In suka ce akwai, ki nemi a ba ki ita ranar farko ki karanta har ƙarshe, har da shafukan baya da kowa ke tsallakewa.

In an ɗauke ki, a makon farko ko na biyu ki roƙi a bar ki ki bi masu fita fili, ko sau ɗaya, ki riƙe fom ɗin da kanki. Za ki ga yadda ake rubutu a tsaye da hannu ɗaya, ƙudaje na bin fuska, na'ura kuma tana ta jan ƙafa kafin ta kama tauraro huɗun da take bukata. A nan za ki gane wane gurbi ne mutane ke tsallakewa in sun gaji, da wace lamba ake rubutawa daga ka bayan an dawo mota. Ki ɗauki sunayensu da lambobin wayarsu, domin ranar da kika ga 7 mai kama da 1 a fom ɗin da ruwa ya jiƙa, su kaɗai za su iya gaya miki wanne ne, kuma sai kin kira kafin mako ya zagayo.